POS mai maɓallai ko mai shafa allo: wacce za ka saya?

Kafin ka zaɓi POS, ka tuna ba kai kaɗai za ka riƙa taɓa ta ba. Yaron shago zai taɓa, dattijuwar da ta shigo Kasuwar Barci ma za ta saka lambar sirrinta, ga mutum uku a bayanta suna jira.

Mai maɓallai a nan take cin kasuwa. Yatsa yana jin maɓalli ya nutse, har mutum ya rufe da ɗaya hannun ya danna ba tare da ya duba ba. Hannu mai maiƙo ko ƙurar hunturu ba su cika damun ta ba. Illarta ƙanƙantar allo: sai ka haddace inda kowane abu yake ɓoye.

Mai shafa allo kuwa, fa'idarta ido ne. Ƙwaƙwalwa ta fi saurin gane abin da aka nuna mata a kan ta tuno shi da kanta. Tun 1956 George Miller, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, ya rubuta cewa abubuwa kusan bakwai mutum ke iya riƙewa a kai lokaci guda, lambar asusun banki kuwa goma ce. Shi ya sa allon da ke fito da lambar gaba ɗaya, da sunan mai asusun ɓaro-ɓaro kafin a tura, ya fi min komai. Ka duba kuma ko tana sa waƙafi a kuɗi. Da yamma, ido ya gaji, 50000 da 500000 tamkar Hassan da Hussaini ne.

Amma wasu sun cika fuskar farko da tarkace: katin waya, kuɗin wuta, bashi, talla. William Hick, wani masanin halayyar ɗan Adam, ya nuna a 1952 cewa yawan zaɓi yana jinkirta yanke shawara, layi kuwa ba ya haƙuri. Haka in maɓallin "tura" da na "fasa" ƙanana ne kuma suna manne da juna, ka ajiye ta.

A wurin dillali, ka miƙa wa yaronka ita ba tare da bayani ba, ka ce ya cire naira ɗari. Ka lura ko tana nuna alamar tana aiki lokacin da sabis ya yi nauyi, don allon da ya yi tsit shi ke sa a sake dannawa.

Mai sayar da manja ko nama, ni dai mai maɓallai zan ce ya ɗauka. Wanda ke zaune a tashar Kawo yana tura kuɗi tun safe, ya ƙara kuɗi ya sayi mai babban allo.