Garejin da ya bar wa Bedford ɗinmu tsufanta

Duk wanda ya san zangon masu gyaran motoci na Gadarif, a gabashin Sudan, ya san layin masu bugun bodi da fenti, inda kunne ba ya hutawa da ƙarar guduma tun hantsi har la'asar. Can ƙarshen layin, daf da masu walda, akwai wata rumfar kwano da ko allon suna ba ta da shi. Mai ita dattijo ne Bahaushe, haifaffen garin Mai Wurno da ke nan Sudan. Kowa Usta yake ce masa, wato gwanin sana'a, ni kuwa Baba nake kiransa, don sa'an mahaifina ne. Wurinsa na kai tsohuwar motar gidanmu bayan ɗaukewar damina, kuma a kan aikin da ya yi mata nake son yin magana, saboda na ga mutane da yawa suna zuba kuɗi a fenti alhali ba fenti motarsu ke nema ba.

Motar Bedford TJ ce, mai dogon hanci, irin wadda mutanen ƙasar nan ke kira sifinja. A Ingila aka fara ƙera wannan samfuri a 1958, kuma ko da yake an daɗe da daina yin sa, maƙeran Sudan ba su yarda ya mutu ba: su ƙara wa shasi ƙarfi, su ƙara ganyen sifirin, su gina mata bodi da hannunsu. Tamu ta yi shekaru tana jigilar dawa da riɗi daga gonakin Samsam da Doka zuwa kasuwar amfanin gona ta Gadarif. Shuɗiya ce a asali. Yau rufin kanta ruwan ƙasa ne, bonet ɗin ja-ja, ƙofofin ne kaɗai suka riƙe shuɗin, shi ma ya koɗe.

Ƙannena so suke a kankare ta tas a fesa mata sabon fenti mai sheƙi. Ni damuwata daban ce: ina son in san ko ƙarfen da ke ƙarƙashin wannan launi yana da sauran ƙwari. Baba bai ce mana uffan ba sai da ya zagaya motar, 'yar guduma a dama, maganaɗisu a hagu. Inda ya ƙwanƙwasa ƙara ta fita tangaran, sai ya wuce. Inda ta fito a dushe, sai ya zana da'ira da alli. Maganaɗisun kuwa na farautar tsohon ma'ajun ne, cikon nan da masu bodi ke shafe lotsewa da shi, domin inda ya yi kauri maganaɗisu ba ya kamawa. Ya same shi a madigadin gaba, wurin da motar ta taɓa gogar wata tirela.

Da ya gama sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, tsatsa iri biyu ce. Akwai wadda ta kwanta a kan ƙarfe, akwai wadda ta shiga cikinsa. Ta farko ka ƙyale ta, ta biyu ka yanke ta. Wanda ya fesa fenti a kan duka biyun, ido kawai ya rufe maka."

Abin da ya ɗaure mini kai tun ina yaro shi ne yadda tsofaffin motoci ke tsufa da kyau, na yanzu kuwa su tsufa da muni. A rumfar nan na fahimci dalili. Fentin wancan zamani launi da ƙyallinsa a haɗe suke, babu wannan shafi mai kama da ruwa da aka yawaita fesawa a saman fenti daga shekarun 1980. Hasken rana yana cinye danƙon da ke riƙe da ƙwayoyin launi, sai launin ya saki ya zama gari. Shi ya sa in ka goga tafin hannunka a kan bonet ɗinmu, sai ya taso da shuɗiyar ƙura. Ruwan damina ya zo ya wanke garin, rana ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya. Haka shekara da shekaru, har shuɗin ya yi siriri, jan fentin ƙasa, wato shafin farko da ake yi wa ƙarfe, ya fara leƙowa, shi ma ya bi hanya, ƙarfe ya fito fili ya yi wannan ruwan ƙasa mai santsi. Ba tashi ɗaya abin ke faruwa ba, shi ya sa launukan ke shiga juna ba tare da iyaka ba. Rufi da bonet su ke fara tafiya domin rana a kansu take tsaye, ƙofofi kuwa a gicciye take samun su. Jan fenti ya fi sauran saurin koɗewa. Motar da aka yi wa shafin sama na zamani, in rana ta gama da shi ɓamɓarewa yake yi gutsure-gutsure, ya bar farare-fararen tabo, kuma wannan babu mai gyara shi sai sabon fenti.

Sauran aikin na iska ne da hannun mutane. Guguwar habub da ƙurar hanya sun goge goshin motar da bakin madigadai kamar an bi su da sanfefa. A ƙofar direba, daidai inda mahaifina ke ɗora gwiwar hannu, fentin ya ƙare ƙaf, ƙarfen ya yi baƙi yana ɗan walƙiya, ko ɗigon tsatsa babu, saboda maiƙon jiki da gugar hannun riga ba su taɓa barin ta ta zauna ba. Matakalar da yaran mota ke takawa ta lotsa a tsakiya. A gefen bodi akwai layuka a jere inda igiyar lodi ta yi ta cin ƙarfe. Da Baba ya kai kan wurin gwiwar hannun nan, ya ja kunnen yaransa cewa kada kowa ya kusance shi da buroshi. A nan na san ban yi kuskuren gareji ba.

Tsatsar da ke kashe mota ba a saman take ba, inda rana ke busar da komai cikin sa'a guda. Ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iska sun haɗu a kansa, don haka duk inda laima ke daɗewa nan ne ɓarnar take. Baƙar lakar Gadarif kowa ya san halinta: ta manne a cikin madigadi da kusurwoyin shasi, ta riƙe danshi makonni bayan sama ta ɗauke. Robar gilashin gaba ta tsattsage, ruwa na bi ta nan ya kwanta a ƙarƙashin tabarmar ƙafa. Da aka ɗaga tabarmar, daben ya taso fala-fala kamar ƙanzo, Baba ya zura yatsa ya fito ta ƙasa. Mazaunin batir kuwa ruwan batir ya zagwanye shi. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, tana kumbura, shi ya sa take tura fenti ya yi ƙuraje. In ka ga ƙurji a fenti, to daga ciki ta faro kuma ta yi nisa. Amma shasin da ke ƙarƙashin inji, inda baƙin mai ya yi ta ɗiga tsawon shekaru, da aka kankare dattin sai ga ƙarfe garau.

A gefenmu akwai wata Bedford sa'ar tamu da ta yi rayuwarta tana ɗauko gishiri daga Bur Sudan. Fentinta ya fi namu kyau nesa ba kusa ba, amma ƙarƙashinta ya zama raga. Gishiri yana jawo laima daga iska ya kuma hanzarta cin ƙarfe, ga iskar Bahar Maliya mai ɗauke da danshi dare da rana. Baba ya faɗa wa mai ita gaskiya, cewa gyaran zai fi ƙarfin kuɗin motar, bai karɓi aikin ba.

Namu aikin ga yadda ya tafi. An wanke ƙarƙashin da ruwa mai ƙarfi har laka ta fita. An yanke ruɓaɓɓen dabe da mazaunin batir, aka yi waldar sabon faranti, kuma waldar ta yi kyau, layi ɗaya babu tsalle. An bi shasi da buroshin ƙarfe, aka shafa maganin tsatsa mai asid wanda ke mayar da ita baƙa, sannan jan fentin ƙasa, sannan giris a cikin kogunan da hannu ba ya kaiwa. Wannan magani Baba bai yarda ya taɓa saman mota ba, don zai ɓata launin. A saman, da hannu aka yi komai: soso mai laushi da ruwa, babu inji. Bayan ta bushe ya gauraya dafaffen man kittani, irin wanda kafintoci ke shafa wa katako, da ɗan tina, ya shafa siriri, ya bi da busasshen tsumma ya kwashe abin da ƙarfe bai sha ba. Launukan suka farfaɗo, shuɗin ya yi zurfi, ruwa kuma ya daina kwanciya a kai. Tsummokaran man a bokitin ruwa yake jefa su, domin in aka tara su a dunƙule suna iya kamawa da wuta su kaɗai. Wanda zai gwada wannan a gida ya riƙe wannan magana da kyau.

Facin madigadi, inda aka cire tsohon ma'ajun, shuɗi ya fesa masa sak, bai yi ƙoƙarin tsufar da shi da dabara ba. Akwai masu sha'awar tsofaffin motoci a Amurka da ke biyan kuɗi a yi wa fenti tsatsar ƙarya. Na ambata masa, ya ce shi ba ya yin aikin da rana za ta yi kyauta. Facin yana nan a fili, kowa na ganin sa, kuma hakan ya fi kwanta mini a rai.

Garejin yana da nasa aibi, kuma ba ƙarami ba ne. Baba ba ya cika alkawarin rana. Wani ɓangare ba laifinsa ba ne: wuta na ɗaukewa, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 kayan aikin da ake samowa daga Khartum suka yi wuya suka yi tsada. Amma da kaka ta kama, duk motar lodi da ta shigo da karyayyen sifirin sai ta tsallake tamu, kuma ba a gaya maka sai ka zo ka tarar. Ba ya rubuta farashi. Kuɗin da muka yi magana da farko ya ƙaru bayan an buɗe dabe. Ƙarin yana da hujja, amma da an faɗa mini kafin a yanka da ya fi. Duk da haka jimillar ba ta kai kuɗin cikakken fenti ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne rumfar a buɗe take, man kittani kuwa yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, sai ƙura ta manne a rufin ya yi kaushi. Da na nuna masa bai yi gardama ba, ya sa aka goge aka sake, amma a garin da ƙura ba ta ƙarewa ya kamata a ce ya tanadi ko da tamfol ne. Man kuma ba na dindindin ba ne, rana za ta cinye shi, sai an riƙa sabuntawa lokaci-lokaci.

Wanda zai kai mota, ya kai ta kafin kaka ko bayan an gama jigilar riɗi, ya nemi a faɗa masa kuɗin kowane mataki kafin a taɓa ƙarfe, ya kuma tafi da tamfol ɗinsa. In motarka Hilux ce ta shekarun baya-bayan nan da shafin samanta ke ɓamɓarewa, kada ka wahalar da kanka zuwa ƙarshen layi, Baba da kansa zai tura ka wurin masu fenti da ke bakin hanya.