Munduwar Kaka ta koma sarƙar wuya

Da aka raba gadon kakarmu, abin da ya faɗo a rabona wani tsohon gwangwani ne. A ciki akwai munduwar azurfa da ta tsage, liyari biyu, ɗan kunnen gwal ƙwaya ɗaya da ɗan'uwansa ya ɓace tun bikin Innata, sai murjani da zarensu ya ruɓe. Shekara shida suna ƙasan akwati, ba sawa ba sayarwa.

Wata ƙawata ce ta haɗa ni da wata matashiya a nan Kano, mai zana kayan ado, tana aiki da wani dattijon maƙerin fari. Sharaɗinta ɗaya: ba ta taɓa sabon gwal ko sabuwar azurfa, sai tsohon da ka kawo. Na ɗauka salon talla ne, sai ta tuna mini da gubar dalma ta 2010 a Zamfara, lokacin da ake niƙa dutsen gwal a cikin gidaje a yankin Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu. Na yi shiru, don 'yan kunnen da ke kunnena ma ban taɓa tambayar daga ina suka fito ba.

A gabana Baba maƙeri ya goga kowanne a dutsen gwaji, ya ɗora a sikeli, aka rubuta nauyin a takarda. Wannan ya kwantar mini da hankali. Ya juya liyarin ya nuna mini 1780 a jiki, ya ce kada in ruɗu, liyari kuɗin azurfa ne na Sarauniya Mariya Tereza, kuma duk waɗanda aka ƙera daga baya wannan shekarar ake buga musu. "'Yata, ki bar ɗaya," in ji shi. Da na sani da na bar duka biyun. Wannan laifina ne, ba nasu ba.

Nasu laifin shi ne alkawari. Mako biyu aka ce mini, sai da aka ci biyar, kuma in ban kira ba babu mai kirana. Sannan azurfar ta ragu da kusan giram uku. Na san wuta da goge-goge suna cin nasu, amma ai tun ranar awo ya kamata a faɗa, ba ranar karɓa ba. Kuɗin aiki kuwa ya fi na sabuwar sarƙar azurfa a kasuwa, kowa ya shirya.

Amma aikin, tubarkalla. Da kakin zuma aka fara fitar da siffar, aka lulluɓe da yumɓu, aka narkar da kakin aka zuba azurfa a gurbinsa. Abin wuyan ya fito da faɗi, da zanen dagi a karkace, gwal ɗin ɗan kunnen ya zama ɗigo ɗaya a tsakiya, murjani uku-uku a kowane gefe. Ba a goge shi ya yi ƙyalli irin na kanti ba, ana ganin sawun hannu. Maƙullin bayan ya ɗan yi tauri, sai an ɗaura mini.

Ranar sunan ɗan ƙanwata na fara sawa. Inna ta kamo shi da yatsa, ba ta ko kalli azurfar ba, ta ce, "Waɗannan murjanin Iya ne, ina kika samo su?"