Hunturu biyu da kyamara mai dogon zango a fadamar Rima

Saboda tsuntsu guda ɗaya na sayi wannan kyamara. Wata safiya a ƙarshen watan Oktoba ina tsaye kusa da gadar Kwalkwalawa da ke Sakkwato, a kan hanyar jami'a, sai na ga wani babban shaho mai farin ƙirji ya tsaya cak a saman ruwa yana kaɗa fikafikai, daga nan ya naɗe su ya faɗo da ƙafafu a gaba, ruwa ya rufe shi, ya taso da kifi. Na ɗaga wayata na ɗauka, amma abin da ya fito bai wuce ɗigon tawada a kan farar takarda ba. Kafin wata ya zagayo na nemi kyamara ta hannu, irin wadda gilashinta yake haɗe da jikinta ba a cire shi, mai zuƙo abu har ninki 83. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin ba talla nake yi ba, kuma kyamarorin wannan aji kusan halinsu ɗaya ne. Yanzu na yi hunturu biyu ina yawo da ita tsakanin Kwalkwalawa, Wamakko da tafkin Kware.

Wannan shaho, wanda masana suke kira Pandion haliaetus, baƙo ne a wurinmu. Yana yin sheƙa a ƙasashen Turai irin su Suwidin, Finlan da Jamus, ya ƙetare hamadar Sahara ya iso Afirka ta Yamma wajen watan Satumba zuwa Oktoba, sannan ya juya gida a watan Maris ko Afrilu, in ban da ƙananan da sukan zauna a nan har su shekara biyu kafin su fara komawa. Faɗin fikafikansa ya kai mita ɗaya da rabi ko fiye, kuma abincinsa kusan duka kifi ne. Na kawo wannan bayani ne domin a gane irin aikin da aka ɗora wa kyamarar: tsuntsu ne mai tsananin tsoron mutum, wanda ba ya yarda a matso shi, kuma lokacin zamansa a nan ya yi daidai da lokacin hazo.

Inda kyamarar ta fi burge ni shi ne a kan tsuntsun da ya sauka. A tafkin Kware akwai wani dattijo masunci da yake ɗaukata a kwalekwalensa bayan sallar asuba. Ranar da ba zan manta ba, mun tura cikin ruwa gari bai gama wayewa ba, muka laɓe a bayan kachalla kusan awa ɗaya, sanyi yana ratsa rigar sanyi. Can sai ya ajiye filafili a hankali ya ce, "Malam, yi kurum, ga ya nan tahe." Shahon ya sauka a kan wani busasshen kututture da ke tsakiyar ruwa, nisan da ido ba ya iya bambanta shi da shirwa, da karfasa a ƙafarsa. Na dafa gwiwar hannu a kan gwiwata, na zuƙo har ƙarshe, sai ga shi ya cika allon: ido ruwan ɗorawa, baƙin zane ya ratsa daga idon zuwa ƙeya kamar an ja masa kwalli, gashin kai a tashe, ɗigon ruwa yana gangarowa daga ƙugiyar bakinsa. A hoton har ana ganin yadda ya riƙe kifin, yatsu biyu a gaba biyu a baya, domin yatsansa na waje yana juyawa, abin da shirwa ba ta da shi. Da na nuna wa dattijon, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce shekara da shekaru suna raba kifin tafkin nan da wannan tsuntsu, amma bai taɓa ganin ƙwayar idonsa ba sai yau.

Haka ta yi mini da sauran mazauna fadama. Zalɓe da yake tsayawa kamar an dasa shi, balbela a bayan shanu, kirinjijiya jere a bakin yashi, dinya, zakaran ƙeƙuwa mai yawan kururuwa, da shamuwa idan damina ta kawo jiki, duk na samu hotunansu masu kyau ba tare da na tashe su daga kiwo ba. Wannan yana da muhimmanci a wurina ƙwarai, domin tsuntsun da ya ƙetare hamada bai kamata a riƙa korarsa daga abincinsa saboda hoto ba. Na'urar da ke rage rawar hannu tana aiki sosai, nauyin kyamarar kuma bai wuce kilo ɗaya ba, ana iya rataya ta a wuya tun safe har hantsi.

Sai dai abin da na saye ta dominsa, wato faɗawar shahon cikin ruwa, har yau ban samu yadda nake so ba, kuma dalilin yana cikin ƙirar kyamarar. Idan aka zuƙo har ƙarshe, filin da ake gani yana ƙanƙancewa ta yadda motsi kaɗan zai fitar da tsuntsun daga allo, kafin a sake gano shi kuwa ya riga ya taso da kifinsa. Ko an same shi, kyamarar tana jinkirin daidaita gani a kan abu mai gudu, wani lokaci ta bar tsuntsun ta kama ciyawar da ke bayansa. Dabarar da ta ɗan taimaka mini ita ce in tsaya a rabin zango, in ƙara saurin ƙiftawar idon kyamarar zuwa kashi ɗaya cikin 2000 na daƙiƙa, in bi shi tun yana shawagi kafin ya tsaya. Da haka na samu hotuna uku ko huɗu da za a iya nunawa, ɗaya daga cikinsu yana tafiya da kifi ya juya kansa gaba domin iska kada ta tare shi.

Matsala ta biyu haske ne. Ɗan farantin da ke karɓar haske a cikinta bai kai faɗin farcen ƙaramin yatsa ba, kuma da wannan ƙanƙanta ne aka samu dogon zango a jiki marar nauyi. Sakamakon haka, kafin fitowar rana da bayan la'asar sakaliya hoto yana fitowa da ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa tsaki, gashin tsuntsu ya cuɗe. Idan hazo ya sauka a Disamba da Janairu, duk abin da ya yi nisa sai ya koma fari fat, domin gilashin yana tattaro ƙurar da ke tsakaninka da tsuntsun gaba ɗaya. A watan Maris kuma, da rana ta ɗaga, hucin da ke tashi daga ruwa da yashi yana sa hoto ya riƙa rawa. Lokacin da na fi amfana da ita shi ne daga ƙarfe bakwai zuwa tara da rabi na safe, rana tana bayana. Batir ɗaya ba ya kai ni ƙarshen fita, don haka biyu nake ɗauka, kuma tunda jikinta ba ya hana ƙura da ruwa shiga, a cikin leda nake ajiye ta idan muna kan kwalekwale.

Wanda yake so ya fara sanin tsuntsayen fadamarmu, ya ajiye shaidar abin da ya gani, wannan kyamara ta ishe shi, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na manyan kyamarori masu gilashin da ake sauyawa ba. Wanda burinsa tsuntsu a sama ne, gara ya ƙara tara kuɗi. Ko wacce aka saya, a fara gaida mai unguwa da masunta kafin a fito da ita, a bayyana abin da ya kawo mutum, domin a halin da ake ciki dogon gilashi yana tayar da hankalin jama'a, kuma kada a juya shi wajen mata masu wanki ko ɗibar ruwa. Ni dai ba ni da niyyar sayar da tawa. Na wanke hoton shahon nan na Kware a babbar takarda na kai wa dattijon, mun kuma yi alkawari idan Allah Ya kai mu Oktoba za mu koma bakin kututturen.