Wayin mara giya a teburin baƙi: Eva, Chamdor, Pure Heaven, Welch's da Appletiser, wanne ya dace da wa?

Ni dai abin da yake ɓata min rai a dinar mutanenmu shi ne a yi ta wahala a kicin tun safe, a yi farfesu a yi gashi a yi sinasir, amma in an zo kan abin sha sai kawai a aiki yaro kanti a ce ya ɗauko katan ɗaya na jan wayin, kowa shi zai sha, tsoho da yaro, mai ciwon suga da mai son zaƙi. Alhali bakin mutane ba ɗaya ba ne wallahi. Gidanmu gidan taro ne, dangin maigida in sun shigo gari nan suke cin abincin dare, shi ya sa na daɗe ina ɗanɗana waɗannan kwalaben ina lura da wanda ake shanyewa da wanda ake bari rabi a kofi.

Kafin komai a karanta jikin kwalba, don abin da muke kira wayin mara giya kala biyu ne kuma ba ɗaya suke ba. Akwai ruwan inibi ko na tuffa da aka sa wa gas aka zuba a kwalba mai dogon wuya, wannan bai taɓa zama giya ba ko na minti ɗaya, su Eva da Chamdor da Pure Heaven duk nan suke. Sai kuma wanda aka bari ya tsimu ya zama giya sosai tukun aka zo aka cire barasar da inji. Wannan fasahar ba sabuwa ba ce, kamfanin wayin na Carl Jung a Jamus suna yinta tun wajen 1908, ana rage iskar cikin tukunyar ne yadda barasar za ta tashi a zafin da bai wuce digiri 30 da wani abu ba maimakon 78 da ta saba tafasa, don kada ƙamshin ya ƙone. To irin wannan a Turai da Amurka doka ta yarda a kira shi mara giya ko da akwai saura har kashi 0.5 cikin ɗari a ciki. Wasu suna rubuta 0.0, amma duk da haka malamai sun yi saɓani a kai tunda asalinsa giya ne, ni dai bana shigo da shi gidana, ban ga dalilin da zan sa surukata cikin shubuha a kan abin sha ba. Sannan a kula, akwai kamfanonin da suke yin mai giya da mara giya a kwalba kusan iri ɗaya, kamar J.C. Le Roux na Afirka ta Kudu, in kika aiki wanda bai iya karanta takardar ba sai a kawo miki abin kunya.

Yadda nake ɗanɗanawa ba wani abu ne mai wuya ba. Ƙaramin kofi, kurɓa ɗaya biyu, ki shinshina tukun kafin ki kai baki don rabin daɗin a hanci yake. Ki fara da fari ki ƙare da ja, ki fara da mai ƙarancin zaƙi ki ƙare da mai yawa, in kika fara da mai zaƙin to duk abin da ya biyo baya salam za ki ji shi. Tsakanin kowanne ruwa da ɗan gutsuren biredi. Kuma ki ɗanɗana yana da sanyi, ki ajiye kofin ki dawo bayan ya ɗan huce ki sake, saboda sanyi yana ɓoye zaƙi, kwalbar da kika ji daidai daga firij in ta yi rabin awa a tebur cikin zafin watan Afrilu sai ta koma wani abu daban, kuma a haka baƙinki za su sha ta ba a yadda kika fito da ita ba.

Eva ita ce uwar ɗaki a wajenmu, daga Sifaniya ake kawo ta, kuma kusan duk wanda ya ce a sayo wayin a biki ita yake nufi. Jan inibin nata yana da kauri a baki, zaƙi sosai, gas ɗin matsakaici. Abin da nake so da ita shi ne ba ta buƙatar bayani, Hajiya tana ganin kwalbar ta san mece ce hankalinta ya kwanta, ba sai an tsaya ana rantse-rantse cewa babu komai a ciki ba. Kuma da abinci mai yaji ta fi kowa, tsire, balangu, farfesun kayan ciki, dambun nama mai barkono, zaƙin yana kwantar da raɗaɗin yajin. Amma da shinkafa da miya ko tuwo ni bana haɗa ta, tana cika ciki mutum ya kasa cin abincin.

Chamdor 'yar Afirka ta Kudu ce, akwai ja akwai fari akwai mai ɗanɗanon fich, wato ɗan itacen nan peach. Farin shi na fi so a cikinsu, yana da sauƙi a baki kuma yana da ɗan tsami kaɗan da yake wanke maiƙo, in kin yi soyayyar kaza ko kifi ko sambusa da su sifirin rol to shi ne. Mai fich ɗin 'yan mata ne suke rububinsa, ƙannen maigida in sun zo shi suke fara nema, ƙamshinsa yana tashi tun daga buɗewa, maza manya kuwa yawanci kurɓa ɗaya suke su ture su ce turare ne wannan.

Pure Heaven ta kamfanin Sun Mark ce na Ingila. Ba zan ja magana a kanta ba, tana yin aikinta, in taro ya yi yawa kuma yara sun fi yawa ita nake ƙarawa, kalolinta da yawa kowa ya zaɓa.

Welch's kam ita daban ce, kuma tarihinta yana burge ni. Wani likitan haƙori ne Ba'amurke, Thomas Welch, ɗan cocin Methodist da ba ya son giya, a 1869 a garin Vineland na jihar New Jersey ya bi hanyar Louis Pasteur ya dafa ruwan inibi a kwalba don kada ya tsimu, saboda a samu abin sha a coci ba tare da barasa ba. Wato tun asali don masu gudun giya aka yi ta. Inibin da suke amfani da shi sunansa Concord, baƙi-baƙi ne mai ƙamshi mai ƙarfi, shi ne wannan ɗanɗanon da kike ji a alawa mai launin shunayya da ake ce wa ta inibi. To mutane kashi biyu suke a kanta, babu tsaka-tsaki. Matar yayan maigida da ta zauna a waje tana ganinta take murna, wani kawunsu kuwa cewa ya yi maganin tarin yara aka ba shi. Ni ina sonta amma bayan an gama cin abinci, da kek ko 'ya'yan itace, ba a tsakiyar ci ba, kuma kuɗinta ya fi na sauran don haka kwalba ɗaya ta isa.

Wadda ta fi min duka dai Appletiser ce, duk da ba inibi ba ce tuffa ce. A kwarin Elgin kusa da Cape Town aka fara yinta a 1966, ruwan tuffa ne da gas ba a ƙara masa suga ba, launinta kamar zinare a kofin gilashi. Ba ta da nauyin nan na su jan inibi, tana da tsami mai daɗi, kuma ita kaɗai ce na ga tana tafiya da kusan komai, har da jalof da firayid rayis da masa da miyar taushe. Akwai 'yar uwarta Grapetiser ta inibi in kin samu. Wani abokin aikin maigida Kirista ɗan Jos da matarsa suna zuwa mana cin abinci, su sun san wayin na gaske, kuma matar ta faɗa min gaskiya cewa duk jajayen nan namu a bakinsu lemo ne kawai, don babu wannan baurin da ɓawon inibi da ƙwallonsa suke bayarwa, irin wanda goro yake bari a harshe. Appletiser ce kawai suke sha har su ƙara. Tun daga nan in zan yi baƙin da ba su son zaƙi ita nake fara sa wa a firij.

Maganar suga fa ba wasa ba ce, a nan ne nake ganin muna cutar dattawanmu da sunan karramawa. Mutane suna ɗauka tunda an ce ruwan 'ya'yan itace ne to ya fi lemon kwalba lafiya, alhali ruwan inibi zalla yana ɗauke da suga wajen giram 15 a duk mililita 100, Coca-Cola kuwa 10.6 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar babba kada ya wuce wajen giram 50 a rana, kusan cokalin shayi 12 kenan, kuma ta lissafa sugan ruwan 'ya'yan itace a ciki. To ki lissafa kofi biyu na jan nan a kan cikin da ya ci shinkafa. Ko da an rubuta ba a ƙara suga ba, na 'ya'yan yana nan daram. Baffan maigida yana da ciwon suga kuma irin mutanen nan ne da ba za su taɓa ce miki a'a ba in kin miƙa musu abu, zai karɓa ya sa miki albarka ya shanye, don haka ke ce za ki yi masa tunani.

Abin da nake masa, wanda yanzu ma ya zama shi manya suke tambaya, zoɓo ne nake dafawa mai kauri da kanumfari da citta kaɗan, ba suga ko ƙwaya, in tace in sa a firij. In an zo zubawa sai in sa zoɓon rabin kofi, in cika da ruwan soda mai sanyi, shi Baffa a haka yake sha. Sauran manya kuma in ɗiga musu jan Eva kamar kwatan kofi a kai. Wallahi launin ya fi na kwalbar kyau, ga tsami ga ɗan bauri ga gas, zaƙin kuma can ƙasa. Matar ɗan Jos ɗin nan da ta sha cewa ta yi wannan ya fi kusa da abin da suka sani fiye da duk na kantin. Kuma kwalba ɗaya sai ta ishi mutum goma sha a maimakon biyar.

Lissafin kwalba kuwa, mai santilita 75 tana ba da kofi biyar in kina zuba mililita 150, ko shida in siraran kofunan nan ne masu dogon ƙafa. Ni in mutum takwas zuwa goma ne nakan ajiye fari biyu, ja biyu, Appletiser biyu, sai jug ɗin zoɓo da ruwa mai yawa, kuma bana jera su duka a tebur lokaci ɗaya don yara sai sun buɗe kowacce sun bar ta rabi. Fari da tuffa suke fara fitowa tare da ƙananan soye-soye, ja sai nama ya iso. Kada ki cika kofi, rabi ya isa, wanda ya ji daɗi zai nemi ƙari, wanda bai ji ba kin huta asara kuma kin gane shi sai ki canja masa ba tare da ya ji kunya ba, don baƙon Bahaushe ba zai ce miki bai so ba, kofinsa ne zai faɗa miki.

Sanyi wajen digiri 6 zuwa 8 ake so, awa uku a firij ya wadatar. In an ɗauke wuta ki sa ƙanƙara da ruwa a bokiti ko kula ki watsa gishiri ki nutsa kwalaben, rabin awa sun yi, ruwan ne yake sa su saurin sanyi ba ƙanƙara zalla ba. Kada ki sa ƙanƙara a cikin kofin, tana kashe gas ta tsinka ɗanɗanon, kuma kada ki manta kwalba mai gas a firiza, fashewa take. Wajen buɗe masu toshe da waya, don Allah a daina girgizawa ana harba marfi sama kamar a filin ƙwallo, ido ake rasawa a haka. Ki kwance wayar babban yatsanki na kan marfin, ki karkata kwalbar bakinta na kallon bango ba mutane ba, ki riƙe marfin ki juya kwalbar a hankali har ya fita da ɗan huci.

Jabu kuma yana nan cike da kasuwa, tun da kayan waje suka yi tsada bayan an saki naira a 2023 abin ya ƙaru. A watan Disambar 2023 ɗin ma NAFDAC ta kai samame kasuwar Eziukwu a Aba ta gano shagunan da ake haɗa wayin da lemuka na bogi ana zubawa a tsofaffin kwalabe. Na taɓa sayen wata a wani shago a bakin hanya saboda na ga sauƙin kuɗi, da aka buɗe ko huci ba ta yi ba, ɗanɗanon kamar an jiƙa kala da sakarin, haka na juye ta a makwarara. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki duba ko takardar ta manne daidai da ko an taɓa marfin, ki ɗaga kwalbar a haske ki ga ko akwai gurɓin wani abu a ƙasa, kuma wadda aka jera a rana a gaban shago ki bar musu kayansu ko da ta gaske ce. Kwalaben da kuka shanye kuma ki yage takardar ko ki fasa bakin kafin a zubar, don su ake bi ana tsinta ana sake cikawa.

Wadda aka buɗe ta rage, zuwa washegari gas ɗin ya gudu ko kin rufe, sai dai ki juye a 'yan robobi ki sa a firiza yara su sha ƙanƙararta da rana.