Maƙalan silin na kebul ɗin VR: abin da na gani bayan wata shida

Na sayi waɗannan maƙalai na rataye kebul a silin ne bayan da kebul ɗin da ke haɗa kwamfuta da na'urata ta VR (na'urar da ake sawa a fuska a ga hoto kamar ana cikinsa) ya fara nuna alamar gajiya, kuma laifin nawa ne, domin na shafe watanni ina juyawa gefe ɗaya a tsakiyar wasa ba tare da na warware shi ba. Alamar farko ita ce ɗige-ɗigen farare da ke ƙyalli a cikin hoto kamar yayyafi, daga baya kuma allon ya riƙa ɗaukewa na daƙiƙa ɗaya ko biyu duk lokacin da na sunkuya. Da na bi kebul ɗin da yatsa, sai na tarar ya murɗe kamar igiyar guga, kuma dab da inda yake shiga na'urar robar ta tsage har ana hango rigar ƙarfe mai launin azurfa da ke ciki.

Ya kamata mai saye ya san dalilin da ya sa wannan kebul ya bambanta da wayar caja. Na Valve Index, wata na'urar VR da ta fito a 2019, tsawonsa mita 5 ne da ƙarin mita 1 mai rabuwa uku, kuma a cikinsa ake tura hoto ta DisplayPort, bayanai ta USB 3.0, da wuta mai ƙarfin volt 12. Siraran wayoyin da ke ɗauke da hoton an jera su bibbiyu, tsawonsu ɗaya, kowace biyu da rigarta, saboda haka ko ɗan lanƙwasa mai tsanani yana iya ɓata saƙon. Masu na'urar VR ta Oculus Rift ta 2016 sun ɗanɗana illar lalacewar kebul, domin daga baya sabon kebul ɗinta ya yi wuyar samu, na'urori masu lafiya suka zauna a kwali.

Mai gyaran da na kai wa ya faɗa mini gaskiya, abin da ya ƙara masa daraja a idona. Ya ce ba zai yanke ya haɗa da dalma ba, domin haɗin zai iya kawo wuta amma hoton ba zai daidaita ba. Abin da ya yi shi ne ya miƙar da kebul ɗin a hankali, ya zura masa robar nan da ke tsukewa idan ta ji zafi, ya rufe tsagar da ita ninki biyu, sannan ya ɗaure wurin a jikin madaurin kai yadda nauyin ba zai ƙara sauka a bakin mahaɗar ba. Ɗaukewar allon ta tsaya, ɗige-ɗigen kuma sun ragu ƙwarai, ko da yake ba su ɓace gaba ɗaya ba. Wanda ke amfani da kebul ɗin Link na na'urar VR ta Meta Quest ya lura cewa zaren gilashi ne a cikinsa, idan ya karye babu dalmar da za ta haɗa shi.

Maƙalan kansu guda shida ne a kwalin, kowanne da siririn zare mai fitowa ya koma da kansa kamar tef ɗin awon magina. Ana kafa su a silin, a rataya kebul ɗin, sai ya riƙa bin mutum ta sama maimakon ya kwanta a ƙasa ana taka shi ko ƙafar kujera ta bi ta kansa. A nan sun cika alkawari: tun da na kafa su ban sake taka kebul ɗin ba, kuma wuyana ya huta da ja.

Inda suka gaza shi ne gam ɗin da ke bayan ƙugiyoyin da ke riƙe su a silin. Da zafin bazara ya kankama, biyu suka saki cikin mako guda, dole na koma na kafa su da ƙusa. Haka kuma mai fanka a silin sai ya kashe ta ko ya kauce mata nesa, domin kebul ɗin yana tashi sama da zarar an matso. Na gano cewa idan aka ja maƙalin ƙarshe ya yi tauri, shi kansa yana lanƙwasa kebul ɗin a wuri ɗaya, don haka na bar sassauci kamar kamu biyu a bayan kai.

Abin da ba sa yi ko kaɗan shi ne hana murɗewa. Har yanzu bayan kowane wasa nakan cire na'urar, in riƙe kebul ɗin sama, in bar ta ta juya da kanta har ta tsaya, sannan in naɗe shi da faɗi in rataye.