Ruwan toshe yoyon boila: inda ya yi amfani da inda bai yi ba

Duk wanda ya yi hunturu a Ingila a gida mai boilar kombi, wadda ke ba da ruwan wanka ta kuma ɗumama radiyetocin ɗakuna, ya san allurar nan da ke gaban boila, mai nuna matsin ruwan da ke zagaya bututu a ma'aunin da ake kira bar. Idan ruwa ya huce, wurin zamanta tsakanin bar 1 da 1.5 ne. Sai ka ga tana sauka, yau kaɗan gobe kaɗan, bayan mako uku ko wata guda ta kusa 0.5, boila ta ƙi tashi. Don wannan aka yi ruwan toshe yoyo da ake sayarwa a shagunan kayan famfo, irin su Fernox F4 da na Sentinel. Na yi aiki da irin wannan ruwa, kuma ra'ayina shi ne yana da amfani, amma ga yoyo iri ɗaya tak. Kafin ka saya, ka tabbatar irin naka ne.

Yoyon da yake magancewa shi ne tsattsafi, wato ɗan ɗigon da ke fita a mahaɗar bututu ƙarƙashin daɓe ko cikin bango, wanda zafin bututun ke busarwa kafin ido ya gani. Kwalbar rabin lita ta isa gida mai radiyeta goma. Ana rufe bawul biyu na radiyeta ɗaya, a rage ruwan cikinta, a zuba maganin ta toshiyar sama, ko ta matatar maganaɗisu, wato matatar da ke kama tsatsar cikin bututu, idan gidan yana da ita. Sai a mai da matsi zuwa bar 1.2, a kunna ɗumama ruwan ya zagaya. Inda tsattsafi ne kawai, allura ta tsaya cikin 'yan kwanaki kuma ba ta sake motsi ba. Wannan ya fi fasa daɓe sauƙi nesa ba kusa ba.

Sai dai sau da yawa ba bututu ne ke da laifi ba, tankin iska ne da ke cikin boilar. Ruwa yana kumbura idan ya yi zafi, don haka aka sa wani jan tanki na kusan lita 8, da roba a tsakiyarsa, gefe ɗaya ruwa, gefe ɗaya iska mai matsin kusan bar 1. Idan iskar ta tsere ko robar ta fashe, ruwa ba shi da wurin zuwa. Allura sai ta haura har bar 3, bawul ɗin kariya ya buɗe ya zubar da ruwa ta bututun jan ƙarfe da ya fita waje ta bangon gida. Da an huce, matsi ya faɗi ƙasa da inda yake jiya. Abin da ya fi muni, bawul ɗin nan idan ya buɗe sau ɗaya, datti kan maƙale a bakinsa ya ci gaba da ɗiga. A nan ko kwalba goma ka zuba, asarar kuɗi ce.

Gane bambancin ba ya cin ko sisi. Ka lura da allura yayin da radiyetoci suka yi zafi: ƙarin kusan rabin bar daidai ne, amma idan ta wuce 2.5, tanki ne. Ka ɗaura leda a bakin bututun nan na waje ta kwana, ruwa a ciki yana nufin bawul ɗin kariya. Sannan ka kashe boila ta huce, ka rufe bawul ɗin fita da na dawowa da ke ƙarƙashinta har safe. Idan allura ta sauka a rufe, yoyon yana cikin boila. Idan ta tsaya, sai da ka buɗe ta faɗi, yana cikin bututu ko radiyeta. Ka kuma bi bawul ɗin kowace radiyeta da busasshen tishu, domin koren tabo ko farin ɓawo a kan noti alamar yoyo ce, kuma ɗan ɗaurewa da sifana kan wadatar.

Abin da ke cikin akwatin boila kuwa, ko busa wa tanki iska ko canza bawul, aikin injiniya ne mai rajistar Gas Safe, wato rajistar masu izinin aikin gas a Birtaniya. Ka tambaye shi kuma game da garanti kafin ka zuba komai, saboda wasu masu ƙera boila ba sa amincewa da irin wannan ruwa.

Kada ka saba da ƙara ruwa duk mako ka ce ai an samu mafita. Sabon ruwa yana shigo da iskar da ke cin ƙarfe, yana kuma tsarma maganin hana tsatsa, har baƙin laka ya taru a gindin radiyeta ya bar ƙasanta da sanyi. Idan ka daɗe kana ƙarawa, bayan an gama gyara ka sa a gwada ruwan, a sake zuba maganin tsatsa.