Hattara masu gashi a Zariya: mutumin nan mai tallan na'urar daidaita wutar gawayi ɗan damfara ne

Assalamu alaikum. Ina da wurin gasa kaji da kifi a Samaru, kuma abin da zan faɗa a kaina ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba. Akwai wani mutum da ke talla a Facebook da WhatsApp, wai yana kawo na'ura daga waje wadda za a ɗaura wa durum ɗin gashi ta riƙa daidaita wuta da kanta. A bidiyonsa za ka ga kaji sun yi jawur, mai gashi yana zaune ya harɗe ƙafa yana latsa waya. Duk wanda ya taɓa kwana yana fifita gawayi, hayaƙi na cin idonsa, ya san dalilin da ya sa na kwaɗaitu.

Ita na'urar, ta gaskiyar, akwai ta. Aikinta kuwa ba tsafi ba ne. Ƙaramar fanka ce ake ɗaurawa a ƙofar iska ta ƙasan durum, sai wani tsinken ƙarfe mai auna zafi da ake maƙalawa kusa da raga, sai akwatin da ke karanta zafin. In ka saita shi a digiri 120, zafi ya sauka ƙasa da haka, fanka ta hura gawayi; in ya kai, ta tsaya. Wato da iska kawai take sarrafa wutar. Shi ya sa dole durum ya zama mai murfi, a toshe sauran ramukan ƙasa, a bar ƙaramar kafa a sama don hayaƙi ya fita. Kuma ba ta iya sanyaya wuta. In gawayi ya riga ya kama da yawa, iyakar abin da za ta yi ta daina hurawa ta jira.

To a nan ne ya kamata in farga. Na tambaye shi ko za ta yi wa ƙanina mai tsire aiki, alhali shi a buɗaɗɗiyar tukuba yake gashi. Ya ce, "Alhaji, har a murhun duwatsu uku tana yi." Wutar da iska ke shiga ta ko'ina, me fanka za ta hana? Amma idan kwaɗayi ya shigo, tunani sai ya koma gefe. Na tura masa naira 45,000 a wani asusu mai suna daban da na shafinsa, ya ce na matarsa ne. Ya ce ba shi da shago tukuna, kaya suna Kano. Bayan kwana 3 direba ya kira ni na je Kwangila na karɓi kwali.

Na ɗaura ta ranar Juma'a da yamma, na jera kaji 12 na wata mata da ta ba da aiki don walima. Na saita, na ga fanka tana juyawa, na tafi sallar isha'i hankali kwance. Ina dawowa tun daga nesa na ji ƙauri. Murfin durum ba ya taɓuwa. Wayar da ke auna zafi ashe ta roba ce, ta narke ta manne a jikin raga kamar cingam, allon yana nuna 40, fanka kuma tana ta hurawa bilhaƙƙi don a ganinta wuta ta mutu. Fatar kajin ta zama baƙa ƙirin, cikin cinya kuwa da sauran jini. A daren na bi masu kaji ina roƙo, na biya daga aljihuna, na kwana ina gashi da mafici kamar yadda na saba.

Washegari na kai na'urar wurin wani mai gyaran kayan lantarki a Sabon Gari. Yana kwance ta ya yi dariya, sannan ya ba ni haƙuri. Ya ce, "Malam, ai wannan ta injin ƙyanƙyasar ƙwai ce." Ya nuna mini rubutun jikinta, W1209. Masu kiwon kaji suna amfani da ita don riƙe zafi a wajen digiri 37 da rabi, kuma iyakar abin da take iya aunawa 110 ne. Ni kuma ina gashi a sama da haka. Fankar ma ta tsohuwar kwamfuta ce, an fesa mata baƙin fenti. Ya ce gaba ɗaya kayan ba su kai ko kusa da kuɗin da na biya ba. Ta gaskiyar, in ji shi, wayarta saƙar ƙarfe ce a jiki, mai jure wuta, ba roba ba.

Na kira mutumin, ya ce ni ne ban iya saitawa ba, in ƙara 10,000 ya turo mini injiniya. Da na ce ya dawo mini da kuɗina sai ya toshe lambata. Na kai ƙorafi banki, ina jira.

In wani ya kawo muku irin wannan talla, ku ce ya zo ya ɗaura a durum ɗinku, a hura gawayi a gabanku, ta riƙe zafi na awa 2 kafin ku ciro ko sisi. Ku taɓa wayar da hannu. Ku tambayi iyakar zafin da take aunawa, kuma ku lura, digiri 250 ɗin da ake nunawa a bidiyon Turawa ma'aunin Amurka ne, wajen 121 ke nan a namu.

Jiya wani abokina mai bandar tarwaɗa a Tudun Wada ya turo mini talla yana tambayar ra'ayina. Sunan shafin ya canja, lambar ma sabuwa ce, amma bidiyon shi ne dai, da kajin nan jawur.